Wa Zai Ɗauki Ɗan Dako Ranar Da Ƙarfinsa Ya Ƙare?

Muna gode wa Allah da Ya raya mu har muka ga wata kakar, muna kuma yin salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Ya 'yan'uwa masu karatu, wannan mako ina so mu tattauna a kan wata matsala wadda ta shafi attajiri da ma'aikacin gwamnati da manomi baki ɗaya, watau yadda ƙasa za ta shirya lamunin rayuwar mutanenta domin ranar ciwo da ranar tsufa da ranar da mai gida ya kwanta dama.

Abin da ya tayar mini da wannan magana kuwa wani dattijo ne da na daɗe da sani. Tun yana saurayi yake dako, ya ɗauki buhunan auduga a zamanin da ake layi a bakin ma'auni, ya ɗauki na dawa, daga baya ya ɗauki na masara da waken suya. In da za a tara abin da ya hau kafaɗarsa cikin shekara arba'in, da ya cika manyan motoci masu yawan gaske. Kwanan baya na tarar da shi zaune a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, bayansa ya riƙe, ba ya iya miƙewa sai da sanda. Da muka gaisa sai ya ciro wata takardar asibiti da ya naɗe cikin leda, ya ce in duba masa. Magani ne aka rubuta masa tun wata biyu da suka wuce, bai sami abin saye ba. Na tambaye shi 'ya'yansa, ya ce babban ya tafi cin rani Kudu, ƙanen kuwa ya bar gonarsu saboda 'yan bindiga, yana acaɓa a gari, abin da yake samu bai ishi nasa iyalin ba. Sa'an nan ya ce da ni, "Malam, na ɗauki kayan kowa, yau ga shi na rasa mai ɗaukata." Wallahi na kwana ina juya wannan magana a zuciyata.

Yadda iyayenmu suka yi

A dā irin wannan dattijo ba ya zama shi kaɗai. Gida gandu ne, uba da 'ya'ya da ƙanne suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, wanda ya tsufa ya koma inuwa a ci gaba da kai masa tuwonsa. In mutum ya kwanta ciwo da damina, samarin unguwa su yi masa gayya su nome gonarsa. Mata suna da adashinsu da gudummawar biki. In kaka ta yi, manomi ya ƙirga damunansa, duk goma ya ware ɗaya na zakka, tun kafin a kai sauran rumbu. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma kowa ya san abin da ke kansa da abin da yake da shi a kan wasu.

To, zamani ya juya. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, gandu ya watse. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta zama amfanin sayarwa, arziki ya shigo ƙasar nan ƙwarai. Amma daga nan noma ya koma abin da sai da kuɗi, wanda ba shi da kuɗin taki sai ya ci bashi ko ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga, manomi ya rasa tsayayyen farashin da ya saba da shi. A 'yan shekarun nan kuma ta'adin 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ya raba mutane da yawa da gonakinsu da shanunsu, suka kwararo cikin garuruwa. Wanda ake zuwa wurinsa neman mudu, yau shi ma nema yake yi.

Abin da hukuma ta tanada

Kada mu yi wa hukuma rashin adalci mu ce ba ta yi kome ba. Tun 1961 aka kafa asusun ajiya na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni, a 1993 aka maye gurbinsa da hukumar NSITF. A 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo, aka gyara dokarsa a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Dokar 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su biya kashi 1 cikin 100 domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005, dokar 2022 kuma ta ce ta zama tilas ga kowane ɗan ƙasa. Nan Jihar Katsina ma, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an kafa hukumar kula da lafiya ta karo-karo. Tsarin mulkin 1999 shi kansa, a sashe na 16, ya lissafa kula da tsofaffi da marasa lafiya da marasa aikin yi da naƙasassu cikin manufofin ƙasa, ko da yake wannan babi ba ya cikin abin da talaka zai iya kai ƙara kotu a kansa.

Amma mai karatu ya lura da abu guda. Kusan duk waɗannan tanade-tanade a jikin takardar albashi aka rataye su. Mai albashi ana cire nasa tun kafin ya shiga hannunsa. Alhali kuwa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2023 ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da irin wannan takarda. A ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, in ka ɗebe malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma da 'yan kaɗan na masana'antu da bankuna, sauran duk manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. An gina rumfa mai kyau, sai dai yawancin mutanen gari suna waje cikin rana.

An yi ƙoƙarin faɗaɗa rumfar. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara ba gidajen matalauta Naira 5,000 a wata, da ciyar da 'yan makaranta, da ƙananan rance ga 'yan tireda. A 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho domin masu sana'ar kansu, wanda mutum zai riƙa zubawa gwargwadon ikonsa, amma waɗanda suka shiga cikin shekarunsa biyar na farko ba su kai ko kashi 1 cikin 100 na waɗanda aka yi dominsu ba. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, aka yi shelar ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku. A 2023 ɗin kuma gwamnoni suka fito suka ce ba su amince da rajistar matalautan da ake aiki da ita ba, a farkon 2024 aka dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci domin bincike. Wanda aka yi duk wannan dominsa yana gefe, ba a tambaye shi ba sa'ad da aka fara, ba a kuma tambaye shi ba sa'ad da aka tsayar.

Kujerar da ba kowa a kanta

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ta shiga a 1960, ta ginu a kan zaman ɓangare uku: gwamnati da ma'aikata da masu ɗaukar ma'aikata. A 2012 ta ba ƙasashe shawara kowace ta shimfiɗa mafi ƙarancin lamuni wanda ba za a bar kowa ya faɗi ƙasa da shi ba, watau magani, da abin renon yara, da abin riƙe wanda ya kasa aiki, da abin riƙe tsoho, a kuma tsara shi ta hanyar tattaunawa da waɗanda abin ya shafa. Mun ga amfanin irin wannan zama a 2024, lokacin da aka yi ta ja-in-ja tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni, har aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000. Ma'aikaci ya samu domin yana da mai magana da yawunsa. To, wa ya yi magana da yawun ɗan dako, da mai tallar fura, da makiyayin da aka kore wa garke? Kujerarsu ba kowa a kanta.

Mu Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai suna Shura, a cikinta Allah Ya ambaci shawara a tsakanin tsai da salla da ciyarwa, wajen siffanta muminai. Manzon Allah, mai tsira da aminci, wanda wahayi ke sauko masa, ya karɓi shawarar Hubabu ɗan Munziru a kan wurin sauka ranar Badar, ya karɓi ta Salmanu Bafarishe a kan haƙa ganuwa. Amma labarin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na Sayyidina Umaru. Shi ne ya kafa diwani, watau rajistar masu karɓa daga Baitulmali, ya kuma yanka wa yara rabo, amma sai an yaye su. Wani dare yana zagaye sai ya ji jariri yana ta kuka, ya tambayi uwar dalili, ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, ta gaya masa tana gaggauta yaye shi ne domin ya shiga rajista. Da gari ya waye sai Umaru ya sake doka, ya ce kowane jariri a rubuta shi tun ranar haihuwa. Dubi nan: niyya kyakkyawa ce, kuɗi suna nan, shugaba adali ne, amma tsarin yana cutar da wanda aka so a taimaka, ba a kuwa gane ba sai da aka saurari bakin mace guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙasarmu ta Katsina ma muna da gado. Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa ƙa'idojin mulki, ya rubuta masa Usulus Siyasa. A ciki ya hore shi da zama da malamai da neman shawararsu, da raya masu sana'a irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, da kwaɗaitar da talakawa su nemi abinci su kuma adana shi domin gaba, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Wannan nasiha ta fi shekara 200, amma kamar jiya aka rubuta ta.

Zakka da iyakarta

Wani zai ce, ai zakka ta ishe mu. Lalle da ana fitar da ita yadda ya kamata, da ta share hawaye masu yawa. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, watau sa'i 300, kimanin kilo 650, buhu shida da rabi ke nan na mai kilo 100. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala ko inji kuwa rabin haka. Manomin da ya sami buhu 200 na masarar damina, buhu 20 ba nasa ba ne. Ɗan kasuwa kuma, in dukiyarsa ta kai ƙimar zinariya giram 85 ta shekara, kashi biyu da rabi cikin 100 ne a kansa. Wanda ya taɓa tsayawa kasuwar Ɗandume da kaka ya ga motocin da ke fita da hatsi zuwa Kudu da sauran wurare, ya san ba ƙaramin haƙƙi ke cikin wannan ƙasa ba. Mun yi murna da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar zakka da waƙafi, kamar yadda Zamfara da Kano da Sakkwato suka riga suka yi.

Duk da haka zakka tana da iyaka, ya kamata mu malamai mu faɗa. Na farko, waɗanda ake ba ta kashi takwas ne da aka ƙayyade a Suratut Tauba, ba wanda ke da ikon ƙara na tara. Ba a biyan fansho da ita ga wanda ke da wadata. Na biyu, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar da zakkar amfanin gona daga auduga ko rake ko tumatir, sai dai kuɗinsu in sun kai nisabi sun shekara, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin ushira a cikin abin da ake nomawa baki ɗaya. Ƙasar da ta shahara da auduga, ga kuma rake da tumatir na Ɗanja, ta cancanci malamanta su zauna su dubi wannan mas'ala da idon basira. Na uku, muna da maƙwabta Kirista da Maguzawa, musamman a ƙasar Malumfashi da Ƙafur, kasuwarmu ɗaya, asibitinmu ɗaya. Alƙali Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Kharaji cewa Umaru ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya ce ba a yi masa adalci ba in an ci ƙarfinsa yana saurayi a yar da shi da ya tsufa, ya sa aka yanka masa abinci daga Baitulmali, shi da ire-irensa. Saboda haka lamunin ƙasa na kowa ne, daga dukiyar ƙasa, zakka da waƙafi kuma su riƙe nasu gefen.

Karo-karo shi ma yana da asali. Manzon Allah ya yaba wa Ash'arawa, waɗanda in abinci ya yi musu ƙaranci sai su tara abin da ke hannunsu wuri guda su raba daidai. A kan irin wannan malamai suka gina takaful. Mai tsoron riba kuma ya sani tun 2017 gwamnati ke fitar da sukuk, a 2021 kuma hukumar fansho ta buɗe asusu marar kuɗin ruwa wanda ma'aikaci ke iya neman a mai da ajiyarsa ciki. Wanda ya ce tanadi ya saɓa wa tawakkali, ya koma ya karanta yadda Annabi Yusufu ya sa aka adana hatsin shekara bakwai a cikin zangarniyarsa.

Abin da nake ba da shawara

A ganina a fara daga ƙasa a hau sama. Kowace gunduma, a ƙarƙashin hakiminta, kamar Sarkin Maska a Funtuwa da Galadima a Malumfashi, a yi zaman sauraro wanda za a kira sarakunan noma da na kasuwa da na pawa, da ardo-ardon Fulani, da shugabannin 'yan dako da direbobi da 'yan acaɓa, da naƙasassu, da 'yan gudun hijira, da limamai da shugabannin coci. Mata kuwa a yi musu nasu zama, domin uwar adashi da ungozoma sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba fiye da kowane jami'i. Abin da aka tattara a kai shi jiha, daga jiha a kai shi inda ake tsara dokar ƙasa, wakilan waɗannan mutane kuma su zauna a can da kansu.

In an tambaye su, ina tsammanin za a ji abubuwan da ba a ji a ofis. Manomi zai ce shi albashinsa sau ɗaya ne a shekara, a karɓi nasa da kaka, in ya yiwu ma da hatsi, domin a watan Agusta, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara, rumbu ya riga ya yi ƙasa. Ɗan dako zai ce ya fi amincewa da shugaban ƙungiyarsa wanda yake gani kullum. Matar kulle za ta ce ba ta da asusun banki, wayar ma ta mai gida ce. Kowa kuwa zai tambaya: wa zai riƙe kuɗin? Amsar wannan ita ce a karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a, a kuma karanta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace shekara. Kada a ɗauki abu da yawa a tashi ɗaya. A fara da magani, da ɗan abin riƙe tsohon da ba shi da kowa, da tallafin marayu, a kuma kafa su da doka domin kada su mutu da mutuwar gwamnatin da ta kawo su. Gana ta kafa inshorar lafiyarta a 2003, ta jingina ta da wani kaso na haraji domin marasa albashi su shiga. Habasha kuma a 2005 ta fara shirin ba mutanen karkara abinci ko kuɗi a watannin yunwa, masu ƙarfi su yi aikin gayya, marasa ƙarfi a ba su haka nan. Ba su fi mu arziki ba.

Ya kai ɗan'uwana ma'aikacin gwamnati, kai ne ke rubuta takardun da ake kai wa manya. Kafin ka rubuta, fita ka tambaya. Ka kuma tuna kai ma ba ka tsira ba, gama mun ga malaman da suka koyar da mu suna yawon neman haƙƙinsu na sallama har wasu suka rasu ba su karɓa ba. In ƙungiyarku ta zauna da gwamnati, ku ambaci maƙwabcinku marar ƙungiya. Kai kuma Alhaji mai shago da mai sito, yaron da ya shekara goma yana buɗe maka shago, da ɗan dakon da ke loda maka mota, me ka shirya musu? Kuɗin inshorar lafiyar mutum ɗaya na shekara bai kai abin da kake kashewa a walima guda ba. Kada ka jira doka ta tilasta maka abin da za a tambaye ka ranar gobe.

Dattijon nan da na ba ku labarinsa, jama'ar masallaci sun haɗa masa kuɗin magani, Allah Ya saka musu da alheri. Amma maganin wata ɗaya ne, irinsa kuwa suna da yawa a kowace tasha da kowace kasuwa daga Funtuwa har Malumfashi. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, Ya ba mawadatanmu ikon fitar da haƙƙin Allah, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.